Ranar Da Crispin Ya Dakatar Da Waƙar Baba

Masu bibiyar wannan shafi, na ga saƙonninku. Wasu na cewa, "Tamsin, kin cika tsirfa, likitan haƙori guda yana binki kina yanga." Wata har ta rubuto cewa idan ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki karanta na yau har ƙarshe. Idan kin gama kina nan a kan bakanki, ni da kaina zan naɗe miki shi a takarda in kawo miki har ƙofar gida.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: shekarata ashirin da tara, ina aiki a kantin magani a garinmu Skipton, ina zaune tare da iyayena. Crispin kuwa shi ne mutumin da Mama ta tsinto min wata takwas da suka wuce. Ta je a cire mata haƙori ɗaya, ta dawo gida da suruki. Tun daga ranar ban huta ba. Da safe Crispin, da rana Crispin, ko gishiri na ce ta miƙo min sai ta ce, "Crispin ba ya cin gishiri da yawa, ki koya." Na fita da shi sau da yawa don a zauna lafiya, ban taɓa ce masa ina son sa ba, ban kuma taɓa ce masa ba na so ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma labarin yau na Babana ne.

Shekara talatin da shida Baba ya yi yana tuƙa bas. Shekara uku ke nan da cutar mantuwa ta kama shi. Da makullai ya fara, sai sunayen titunan da ya yi rayuwarsa yana bi, sannan ya zo kanmu. Ni nake yi masa aski, ni nake ɗaure masa igiyar takalmi, amma "malama" yake ce min, cikin ladabi, kamar ma'aikaciyar da aka turo daga asibiti. Kullum sai ya yi min godiya. Na gwammace ya zage ni da sunana.

A gidanmu Kirsimeti ba ya farawa sai ƙarfe uku na yammacin jajibiri, lokacin da rediyo ke kawo sujadar waƙoƙi kai tsaye daga tsohon cocin nan na jami'a. Kun san yadda take farawa. Mai gabatarwa ya yi shiru, cocin ya yi tsit, sai muryar yaro ɗaya tilo ta taso, babu kiɗa, babu kowa a bayansa. Tun kafin a haife ni Baba ya kafa doka: uku saura biyar kowa ya hallara a teburin kicin, babu magana, babu waya, ko wa ya buga ƙofa ya jira. Shekarar da shaƙuwa ta kama yayata Hazel, lambu ya kora ta cikin sanyi har sai da yaron ya gama. Shi kuwa yana zaune da kwanon ƙananan kabejin nan na Kirsimeti a gabansa, yana gyarawa yana tsaga gicciye a gindin kowanne, hularsa a kai. Da yaron ya buɗe baki sai ya ajiye wuƙa ya cire hula.

Bara, bayan wata goma sha ɗaya yana ce min malama, yaron ya fara waƙa, Baba ya cire hula, ya bi shi kalma da kalma har ƙarshen baitin. Sannan ya juyo ya dube ni sosai ya ce, "Tamsin, 'yar gidana, ɗora mana shayi mana." Minti goma ya yi ya san ni. Ya tambaye ni aiki, ya ce na rame. Daga nan ya sake tafiya.

Shekara guda na yi ina jiran waɗannan minti goman. A watan Janairu za a kai shi gidan kula da tsofaffi, an riga an ba shi ɗaki, likita kuma ya gaya mana kada mu sa rai da baɗi. Abin da ya rage min ke nan, ƙarfe ukun bana.

To, ranar na sauko da misalin ƙarfe biyu, na sa tsohuwar rigar sanyina shuɗiya da wandon zaman gida, na ɗaure gashina da roba. Ina shiga kicin na yi turus. Mama, wadda duk jajibirin duniya za ka same ta da gari har gwiwar hannu, tana tsaye cikin koriyar rigar karan-miski, da 'yan kunnen aurenta, baki ya sha jan-baki.

"Mama, biki za ki?"

"Mutum ba zai yi kwalliya a gidansa ba? Ke ma je ki sauya wannan tsumman. Ki sa jar rigar nan da na saya miki."

"Don in saurari rediyo? Ai ba ya ganina."

"Crispin zai zo."

"Yau? Mama, kin san dokar gidan nan."

"Mai dokar ya manta da ita," in ji ta, ta juya tana leƙa tanda. Ta ji abin da ya fito daga bakinta, don na ga wuyanta ya yi ja. Mama ta gaji, na sani. Shekara uku tana kwana da ido ɗaya. So take ta ga an rufe maganata kafin gidan ya watse, shi ke nan.

Biyu da minti ashirin ya iso. Turarensa ne ya fara shigowa, irin mai zaƙin nan da ke manne wa labule har kwana uku. Sannan haƙoransa, farare fat, a jere kamar tayil ɗin banɗaki. Sannan shi, cikin jar rigar sanyi mai hoton barewa, hancin barewar yana kunna wuta yana kashewa.

"Maureen! Kai, wannan ai ƙanwar Tamsin ce!" Ya sumbaci Mama a kunci biyu, ita kuwa har da rufe fuska. "Tam-Tam ɗina!" Sau nawa na ce masa ba na son sunan nan? Sannan ya sunkuya a kan Baba ya kira shi da sunansa, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma a ƙasan rijiya. "DES! YAYA JIKI? KA GANE NI?"

Baba ya ɗago daga kwanon kabeji ya ce, "Barka da zuwa, yallaɓai."

Kafin in ankara, Crispin ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓen Baba yana leƙen dasashinsa. Wallahi kamar mai tayin akuya a kasuwa.

"Hmm. Dasashin nan ya ja baya. Wa ke goge masa baki?"

"Ni," na ce. "Cire hannunka."

Ya yi dariya, ya goge yatsan a tawul ɗin da muke share kwanuka da shi. Ya ɗauki ɗan kek ɗin Kirsimeti mai zafi daga faranti, ya cusa shi gaba ɗaya, yana huci yana magana, baƙin zabibi a bayyane a kan harshensa. Da ya gama ya zaro zaren sakace daga aljihu. A kan teburin cin abincinmu. Ya ja, ya ja, ya ɗaga zaren sama ya duba abin da ya samo, ya gyaɗa kai kamar an biya shi. Mama kuwa cewa ta yi, "Kin ga mai tsafta."

Wayata ta yi ƙara. Hazel ce, daga asibitin da take aiki a Leeds.

*Kina ina?*

*Kicin. Barewa ta iso.*

*Duba aljihun wandonsa na dama. Mama ta ce kar in gaya miki.*

Na duba. Wani abu mai kusurwa huɗu ya turo yadin.

*Hazel, ki ce min wasa kike.*

*Yau zai yi. Ban san ƙarfe nawa ba. Ki sumbatar min Baba. Idan ya dawo ki ce masa ina saurare a motata.*

Ina ɗago kai na ga wurin rediyonmu wayam. Tsohon rediyon Baba mai fatar ruwan ƙasa, wanda murfin bayansa ke ɗaure da salatif, babu shi a kan tebur. A wurinsa wata baƙar lasifika ce ƙarama kamar gwangwanin madara.

"Ina rediyon?"

"Kyautata ga gidan nan!" in ji Crispin, yana shafa abin. "Da wayata take aiki. Ki ji sauti, Tam-Tam, kamar kina cikin cocin. Wancan tsohon na kai shi rumfar baya. Wayar wutarsa ta zaizaye, zai ƙona ku wata rana."

"Dawo da shi."

"Haba Tamsin," in ji Mama, "shekara nawa muna jin waƙar nan cikin shuuu? Mutum ya yi abin arziki, ki ce na gode."

Muryoyinmu sun fara tashi, na ga hannun Baba ya soma rawa a kan wuƙa. Hayaniya tana birkita shi, idan kuma ya birkice sai ya yi awa biyu bai dawo daidai ba. Agogo ya nuna uku saura kwata. Na kama hannun rigar Crispin na ja shi zuwa soro, wurin da muke rataye riguna.

"Saurara. Na san abin da ke aljihunka."

Ya dafe ƙirji. "Hazel! Bakinta ba ya riƙe ko ruwa."

"Crispin, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Ka bari sai an gama sujadar. Ko ma ba duka ba, baitin farko kawai, da minti goma bayansa. Ka zauna ka yi shiru. Ka san dalili, na ba ka labarin bara."

"Na sani, na sani. Labarin nan ya taɓa ni sosai." Ya kama kumatuna da yatsun da suka gama sakace. "Lokaci ne mai daraja a wurinki. Na fahimta fiye da yadda kike zato."

Na ɗauka alkawari ne ya yi min. Sai daga baya na gane abin da ya fahimta: ya nemi lokacin da ya fi kowanne daraja a shekarata, ya ga nan ya dace ya kafa tutarsa.

Uku saura biyar muka zauna. Waje ya fara duhu, ruwa na tsiyaya a jikin taga, kicin yana ƙamshin kirfa da ɓawon lemo. Na zauna kusa da Baba, gwiwata na taɓa tasa. Na gyara masa hula. Mama ta ajiye wayarta a jingine da tulun sukari, ta ce wai don ta ga lokaci. Hancin barewa yana ta ƙiftawa.

"Kashe wannan," na ce.

Ya kashe.

Mai gabatarwa ya yi bayaninsa da muryar nan tasu mai sanyi. Ya yi shiru. Muka ji cocin yana numfashi, wani ya yi ɗan tari can nesa. Gaskiya sautin ya fita, ba zan yi ƙarya ba. Baba ya tsayar da wuƙa a tsakiyar gicciye. Ya ɗago kai.

Yaron ya fara.

Jama'a, na ga abin da idona. Hannun Baba ya tashi a hankali ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kafaɗunsa suka miƙe. Leɓensa ya fara motsi, layin farko, layi na biyu, muryarsa na fita ƙasa-ƙasa, a shaƙe, amma daidai. Idonsa da ya yi shekara kamar tagar gidan da ba kowa, na ga mutum ya leƙo. Ya fara juyo da kai wajena.

Sai waƙar ta yanke.

A tsakiyar kalma ta yanke, ɗif. Na juya. Yatsan Crispin yana kan wayarsa. Ya tura kujera baya da ƙara, ya kunna hancin barewa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan tayil, ya buɗe ɗan akwati.

"Tamsin Oldroyd, a wannan lokaci mai tsarki, a gaban mahaifinki..."

"Mayar."

"...tun ranar da mahaifiyarki ta zauna a kujerata..."

"Crispin, mayar da waƙar!"

"Kwantar da hankalinki, dakatarwa kawai na yi. Daga inda ya tsaya zai ci gaba, ko harafi ba za ki rasa ba. Abin da ya sa na kawo ta ke nan."

Ba abin da yankewar ta gaya wa Baba ke nan ba. Mutanen zamanin Baba abu ɗaya suka sani: rediyo ba ya yanke sujada a tsakiya sai babban abu ya faru a ƙasa. Bakinsa yana buɗe a kan kalmar da bai ƙarasa ba. Ya dubi baƙar lasifikar, ya dubi taga.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

"Ba kowa, Baba, zauna..."

"Sun yanke. Wa ya mutu? Yaƙi ne? Ina yaran? Maureen, ina yaran, suna waje?"

Ya miƙe da ƙarfi, kwanon ya kife, kabeji ya watsu a ƙasa. Jikinsa duka yana ɓari. Sannan na ga wandonsa ya yi duhu daga sama zuwa ƙasa. Fitsari ya ƙwace masa, yana bin ƙafarsa, yana malala a kan tayil.

Ba wannan ne ya ba ni ƙyama ba. Na wanke Babana sau ɗari, zan wanke shi sau dubu. Abin da ya ba ni ƙyama shi ne Crispin. Yana durƙushe, akwatin zobe a buɗe a hannu, ya ga ruwan yana gangarowa wajensa. Bai miƙe ya kama tsohon da ke neman faɗuwa ba. Gwiwarsa ya janye gefe, a hankali, kamar mai gudun kada a lura, ya duba yadin wandonsa, ya yatsine hanci. Sannan ya mayar da murmushin nan ya dubi wayar Mama da ke jikin tulun sukari, wadda ashe tun ɗazu take ɗaukar hoto.

"Maureen, za a iya yanke wannan wurin daga baya," in ji shi. "Tam-Tam, ina jin ki."

Na dube shi daga sama har ƙasa. Tsigar jikina ta tashi, irin yadda take yi idan ka ɗaga murfin shara a watan zafi. Mama ta toshe baki da hannu biyu, jan-bakin ya ɓata mata tafi. Na rungumo Baba, na bi ta kan kabeji da shi, muka hau sama mataki ɗaya-ɗaya.

A banɗaki na kulle ƙofa, na tara ruwan ɗumi, na cire masa kayan, na goge shi, na sa masa wandon barci mai tsafta. Yana ta kallon bango. Wayata a kan wurin wanke hannu sai zuuu, zuuu, ba ta hutawa. Na leƙa.

Anti Beryl: *Barka, 'yata! Maureen ta gaya mana tun safe. Turo hoton zobe!*

Wata 'yar cocinmu: *Matar likita! Allah ya sa albarka.*

Hazel: *Yaron bana ya iya. Ina ta kuka a mota. Ya dawo? Ya kira sunanki?*

Crispin: *Har yanzu waƙar tana a dakace dominki. Ki sauko mu ƙarasa duka biyun.* Da hoton zuciya guda uku.

Na kife wayar.

"Malama," in ji Baba a hankali.

"Na'am, Baba."

"Ki yi haƙuri da wannan aika-aikar. Don Allah kar ki gaya wa kowa. 'Yata Tamsin tana zuwa ƙarfe uku, muna da abin da muke saurare tare. Kar ki bari ta gan ni haka."

Na zauna a bakin bahon wanka.

"Ba za ta gani ba."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Agogon hannuna ya nuna uku da minti ashirin da biyar. Ni da na gama tsine wa mai dakatar da waƙa a zuciyata, ni da na yi shekaru ina cewa abin da ba kai tsaye ba ne ba sujada ba ne, na dubi tsohon nan na yi masa ƙarya.

"Uku saura biyar."

"To, mu shirya."

Na zaunar da shi a kan murfin masai, na taje masa gashi da yatsuna. Na ɗauki wayata, na nemo shirin na ja shi baya zuwa farko. Na jingina ta da kofin buroshi. Na durƙusa a gabansa inda zai ga fuskata sosai, na cire robar gashina, don da haka ya san ni tun ina yarinya.

Mai gabatarwa ya yi shiru. Mutumin nan ya sake tarinsa. Yaron ya fara.

Baba ya kai hannu kansa, bai sami hula ba, ya sauke hannun a gwiwa. Ya bi waƙar. Ya bi ta tun daga farko har ƙarshen baitin, bai tsallake kalma ɗaya ba, hawaye na bin kuncinsa. Da sauran mawaƙan suka shigo da kiɗa, ya sauke ajiyar zuciya, ya sunkuyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Na yi masa murmushi har kumatuna suka yi ciwo.

Ya dafa hannuna sau biyu.

"Na gode, malama. Kin kyauta." Ya juya ya kalli ƙofa. "Kash. Tamsin ba ta zo ba. Ba ta taɓa rasawa ba fa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin da na sani shi ne na ji takun takalmi a kan bene, na ji turaren nan yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sannan aka ƙwanƙwasa sau uku da ɗan salo.

"Tam-Tam? Mamanki ta goge ƙasan tas. Kowa amsarki yake jira."

Na miƙe. Na lulluɓa wa Baba tawul a kafaɗa don sanyi. Na wanke hannuna da sabulu, na share su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure gashina tamau.

Amsa yake so, a gaban kyamara. Zai same ta, amma ba wadda yake jira ba. Na murɗa makullin.